Tambaya kan kayan aikin mahaifina, malamin dabbobi a karkarar Marwa

Ɗan Malamin Shanu, Marwa:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu a daminar da ta wuce, bayan ya shafe ƙuruciyarsa yana aikin malamin dabbobi a ƙauyukan da ke tsakanin Marwa da Bogo a arewacin Kamaru. Da muka buɗe adakarsa, mun sami tsohon sirinji na ƙarfe da gilashi, da littafin ƙidayar shanu da Faransanci, da wani ƙarfe mai kama da awartaki wanda bakinsa ke fitar da zane. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Fulanin da suka yi tafiyar yini guda don yi mana gaisuwa, har wani dattijo ya riƙe hannuna yana cewa da ba don mahaifina ba, da bai bar wa 'ya'yansa ko saniya ɗaya ba. Ina roƙon iyayenmu da suka ga zamanin su bayyana mini amfanin wannan ƙarfe, da abin da dattijon yake nufi.

Tsohon Ma'aikaci, Injamena:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri. Ɗana, wannan ƙarfe na yi wa saniya alama ne a kunne bayan an yi mata allurar bushiya, cutar da Fulani ke kira pettu, domin idan an sake zagayowa a gane wadda aka yi wa da wadda ta kuɓuce. A shekarar 1962 aka fara babban gangamin riga-kafin da ake kira JP15 a yankin Tafkin Cadi, inda Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya suka haɗa kai, tunda garke ba ya tsayawa a kan iyaka. A wancan lokacin ɗakin binciken Farcha da ke nan Injamena yana cikin wuraren da ake haɗa maganin.

Wahalar aikin ba a soka allurar take ba, a sanyi take. Maganin yana mutuwa idan ya ji zafi, don haka muna ajiye shi a firji mai aiki da kananzir, mu zuba shi a cikin akwatin ƙanƙara tun kafin asuba, kuma da zarar an dama shi dole a ƙarar da shi cikin ɗan lokaci. Na sha kwana ina gyara lagwanin firji kamar mai jinyar jariri. Idan ma'aikaci ya yi sakaci ya soka maganin da ya mutu, makiyayi zai tafi da tabbacin an kare masa dukiya alhali ruwa aka zuba mata, kuma ba za a gane ba sai ranar da cuta ta shigo.

Bayan an sassauta riga-kafin ne bushiya ta dawo da ƙarfi a 1983, kuma ina kyautata zaton shekarar ce dattijon nan yake tunawa. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Dillali, Kasuwar Adumri:
Allah ya gafarta masa. Baba na Injamena ya faɗi na ɓangaren ma'aikata, ni kuma bari in faɗi namu. Ba da hannu biyu muka karɓi malaman nan ba. Duk wanda ya zo da littafi yana ƙirga shanu, a idonmu ɗan saƙon jangali ne, saboda haka mahaifina yakan kai rabin garke wurin allura, ya tura ni da sauran cikin daji. A shekarar da cutar ta dawo, waɗanda na ɓoye su ne suka fara zubar da hawaye da yawu, bakinsu ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, cikin mako guda muna jan gawa. Masu tsagaggen kunne suna tsaye suna kiwo a gefensu. Tun daga ranar ban sake jin mahaifina ya zagi malamin dabbobi ba.

Malamin da ya samu shiga a ruga shi ne wanda ya iya Fulatanci, ya fara sauka wurin arɗo, ya sha nonon da aka miƙa masa, kuma bai kai ƙidayar kowa wurin masu haraji ba. Yanzu akwai LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Kamaru, a Bokle kusa da Garwa tana haɗa riga-kafi, amma ku je kasuwa ku ga maganin sammore a shimfiɗe a rana, yaro yana auna wa mutane da ka. Ciwon huhu da boru, wato ciwon baki da kofato, kuwa suna nan ba su tafi ko'ina ba.

Gwaggo, Ngaundere:
Ɗana, kada ka tsaya a kan adaka, ka zauna da mahaifiyarka idan tana raye. Ni ma matar ma'aikaci ce, kuma mu muka san watannin rani da maigida ke bin makiyaya zuwa fadamun Logon, da baƙin da ke ƙwanƙwasa ƙofa tsakar dare saboda ɗan maraƙi ya gitta a cikin uwarsa. Sau da yawa ladan aikin ƙwaryar man shanu ce ko zabuwa, kuma mahaifiyarka ce za ta iya gaya maka daga rugar wa kowace ta fito.

Ɗan Malamin Shanu, Marwa:
Na gode, iyayena, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna amsoshinku jiya da dare, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a wancan ranin na 1983 Baba ya yi fiye da wata biyu bai kwana a gida ba, kuma a lokacin tana da cikina. Na sake duba littafin da safe, na sami sunan rugar dattijon nan a shafuka uku. Ranar kasuwar Bogo mai zuwa zan kai masa ya gani.