Muhawara: ana bin fim ɗin barkwanci bashin tarihi?

Baban Ummi: Jama'a, an ce tunda Pirates of the Caribbean fim ne na ban dariya, bin diddigin kurakuransa ɓata lokaci ne. Ni ban yarda ba. A kashi na huɗu, na 2011, an haɗa ɗan fashin teku Blackbeard da Sarki George na Biyu a zamani ɗaya. An kashe Blackbeard a 1718 a gaɓar Arewacin Karolina, shi kuwa sarkin sai 1727 ya hau gadon sarautar Birtaniya.

Maman Khalifa: Haba Malam! Fim ɗin da mutane ke rikiɗa su zama ƙwarangwal in farin wata ya taɓa su, shi za ka nemi gaskiya a ciki?

Baban Ummi: Hajiya, ƙwarangwal ba ya ruɗin kowa, yaro ma ya san tatsuniya ce. Amma Blackbeard mutum ne da ya rayu, Queen Anne's Revenge kuma jirginsa ne na gaske. In ka ari sunan gaskiya, mai kallo zai ɗauke shi da duk abin da ka jingina masa, ya tafi da shi a matsayin ilimi. Ɗalibai nawa ne za su buɗe littafi su tantance?

Auta: Ni ma Port Royal ta Jamaika ce ke damuna. An nuna ta gari mai tashe a ƙarni na 18, alhali girgizar ƙasa ta 1692 ta nutsar da yawancinta a teku.

Kawu: A'a Auta, yi a hankali. Garin bai mutu ba, sojan ruwan Birtaniya sun ci gaba da zama a can, kuma can aka rataye ɗan fashin teku Calico Jack a 1720. Wannan kam an yi musu uzuri. Abin da ba ya da uzuri yana ƙarshen kashi na farko, na 2003: jarumin fim ɗin, Jack Sparrow, ya karɓi jirginsa, a bayan kafaɗarsa ga ma'aikacin fim tsaye da farar riga da hular kaboyi, yana kallon teku. Wannan sakaci ne tsagwaronsa.

Maman Khalifa: Kawu, na hular na yarda, laifin mai tacewa ne. Na Blackbeard kuwa da gangan suka yi don labari ya yi armashi.

Baban Ummi: Gangancin ne ya fi yi mini ciwo, Hajiya. Sun ƙirƙiri ɗan fashin teku Barbossa, ya kuma karɓu. Me ya hana su ƙirƙiro wani, su bar mamaci a zamaninsa?