Neman shawara: soket ɗin shagon ɗinkina ya fara baƙi, me zan gyara kafin hunturu ya yi nisa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da shagon ɗinki mai ɗaki biyu a Tudun Wadan Kaduna, kusa da Kasuwar Barci, inda muke aiki da kekuna masu lantarki, dutsen guga biyu da ƙaramin janareta, tare da yara masu koyon sana'a. Na sayi tukunyar kashe gobara na rataye a bango, amma kwanan nan na lura soket mai doguwar waya da muke haɗa dutsen guga a kansa ya yi baƙi, yana kuma ɗaukar zafi. Shagon cike yake da kayan mutane. Ina roƙon masu sani su nuna mini abubuwan da ke haddasa gobara waɗanda ba a cika kula da su ba.

Mai aikin wayarin daga Kakuri:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki daina amfani da wannan soket ɗin daga yau. Baƙin da kika gani alama ce ta cewa bakinsa ya saki, wuta tana tartsatsi a ciki. Soket na bango an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, wato kusan wat 3,000 a wutarmu mai ƙarfin 230, alhali dutsen guga ɗaya yakan ci daga wat 1,000 zuwa 2,000, don haka idan aka haɗa biyu a wuri guda, ballantana a kan mai doguwar waya mai araha, ana iya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Kowane dutsen guga ya samu soket nasa a bango, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, domin mai 1.5 ta fitilu ce.

Ki sa a duba wayar kanta, saboda akwai wadda ake sayarwa da sunan tagulla alhali alminiyom ne aka shafe, idan aka kankare ta sai ka ga fari a ciki. A duba fiyus kuma. Mutane da yawa idan ya ƙone sai su ɗaura waya mai kauri a madadinsa, shi kuwa an yi shi ne ya ƙone domin wayar bango ta tsira.

Wata tela daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi:
'Yar'uwa, a ganina babban haɗarin shi ne lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar guga. Yaro zai ajiye dutsen a kan tebur, a tashi aiki, a rufe shago, sai a kawo wuta cikin dare babu kowa. Ki kafa doka cewa ana ɗauke wuta a zare dutsen guga, wanda zai rufe shago kuma ya kashe babban makunni da hannunsa. A riƙa share ƙyallaye da ƙurar zare daga jikin motar keke kullum, a kuma nisanta soso da auduga daga wajen guga. Ki ajiye bokitin ruwa kusa.

Tsohon ma'aikacin kashe gobara:
Hajiya, maganar babban makunni ita ce mafi muhimmanci a duk abin da aka faɗa, amma zan yi gyara a batun bokitin ruwa. Ba a watsa ruwa a wutar da ta tashi daga lantarki sai an yanke layin, ba a kuma watsa shi a wutar fetur ko kaɗan, domin man yana taso wa ruwan ya bazu da wutarsa. Bokitin yashi ya fi dacewa da wajen janareta. Janaretan ya zauna a waje, kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, jarkar fetur kuma kada ta kwana a ɗaki ɗaya da yadi. Idan yara suna girki da tukunyar gas a shagon, a fitar da ita. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar gas ta Sabon Tasha a watan Janairun 2020 ba.

Tukunyar da kika rataye, ki duba ko mai hoda ce, ki ga allurarta tana kan kore, ki kuma mayar da ita bakin ƙofa. Kowane yaro ya iya zare fil ɗinta ya nufi gindin wutar. Ki rubuta lambar 112 da ta ofishin kashe gobara mafi kusa a bango.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ɗakin ciki tagarsa da ƙarfuna take, ƙofarsa kuma ta cikin ɗakin gaba take bi. Ko wannan ma matsala ce?

Tsohon ma'aikacin kashe gobara:
Matsala ce babba, 'yata, domin hayaƙin soso da yadin roba yakan kayar da mutum kafin wuta ta iso gare shi. Ki sa mai walda ya mayar da ƙarfunan tagar masu buɗewa daga ciki, a rataye mukullin inda kowa ya sani, a kuma kwashe duk dilar yadi da ke kan hanyar fita. Wajen guga ya koma kusa da taga a ɗakin ciki ko gefe mai nisa da ƙofa, domin kada wuta ta tashi a daidai inda yara za su bi.