Waɗanda suka taɓa kallon jai alai ido da ido, ku zo mu ji

Bakano a Miami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da wani abokin aikina ɗan Kuba ya kai ni kallon jai alai a Magic City, wani gidan caca a nan Miami, ƙarar ƙwallon nan ba ta bar kunnena ba. Ga wanda bai san wasan ba, na Baskawa ne, mutanen da ke zaune a iyakar Sifen da Faransa. Ɗan wasa zai ɗaura wani dogon kwando mai lanƙwasa a hannun dama, ya cafe ƙwallo a ciki, nan take ya maka ta da bango, abokin karawarsa kuma dole ya cafe kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Filin da na gani gajere ne, an kewaye shi da gilas, kuma abokin nawa ya ce wannan ba shi ne na asali ba. Akwai wanda ya taɓa ganin babban fili a cikinmu?

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka tuna mini da nisa. Na yi karatu a Florida a farkon shekarun 1980, lokacin wasan yana tashe. Tsohon filin Miami, wanda aka buɗe a 1926, shi na fara shiga. Tsawonsa ya haura mita hamsin, bangon gaba na dutse ne, don siminti ba ya jure dukan ƙwallon. Mutane suna zuwa da kwat da takalmi sau ciki kamar za su biki. Tsofaffin 'yan kallo ba su da hira sai ta daren Disambar 1975 da mutum fiye da dubu goma sha biyar suka cika wurin.

Gwanina a lokacin Joey ne, Joey Cornblit, Ba'amurke wanda ya taso a garin, da ya shiga cikin Baskawa ya yi suna a wasan kakanninsu. Yana tsayawa a gaba, kuma idan ya yanke shawarar kashe maki, zai jefa ƙwallon ta daki bangon gefe, ta daki na gaba, ta fice waje kafin kowa ya motsa.

Amma akwai abin da ya riƙa ɓata mini rai, kuma gara in faɗa. Yawancin mutanen nan caca ta kawo su. 'Yan wasa takwas ne ke bin layi, kowa da lamba a bayansa, wanda ya faɗi ya koma ƙarshen layi, wanda ya fara kai maki bakwai ya ci. To mutumin da ke kusa da kai bai san sunan ɗan wasa ba, lamba kawai ya sani. Yaro ya yi tsalle ya hau bango ya cafe ƙwallon da ke gudun kashe mutum, ba mai tafa masa. Ya kuskure sau ɗaya, sai zagi. Ni ban taɓa zuwa tagar caca ba, kallo ya kai ni, kuma nakan ji tausayin yaran nan ƙwarai. Da 'yan wasa suka shiga yajin aiki a 1988, ya ɗauki kusan shekara uku, a shekarar kuma jihar ta fara cacar tikiti. Masu zuwa don kuɗi suka sami wata ƙofa, suka watse.

Maman Yara a Bilbo:
Baba, da za ka zo nan da ka huce. Maigidana ya kai mu Gernika, wani garin Baskawa a nan Sifen, wata Litinin, ranar kasuwarsu, muka shiga filin da aka gina a 1963. Iyaye da yara da tsofaffi masu hular nan baƙa ta Baskawa, kowa ya san sunan kowane ɗan wasa da garinsu. Biyu da biyu ake karawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma wasa ɗaya ake yi mai tsawo, ba a sauya mutane bayan kowane maki. Na ga Goikoetxea, wanda suke ce wa Goiko, ɗan Zumaia. Dogo ne kakkaura, amma jifarsa ba hayaniya, sai dai ka ji ƙara. Ɗana shi kuma wani ɗan wasa mai suna Erkiaga ya ɗauka gwaninsa, har yau yana kwaikwayonsa da ludayi a falo.

Ɗan Maraɗi a Bayonne:
Hajiya ta faɗi gaskiya. A ɓangarenmu na Faransa da rani ake yi, a Saint-Jean-de-Luz da Biarritz. Ni har kwandon na taɓa ɗaurawa, wani maƙwabcina da ke wasa a ƙungiyar unguwa ya ba ni. Ni bahago ne, na miƙa hagu, ya ce a'a, kowa da dama yake yi, saboda bangon gefe yana hagu, 'yan kallo suna dama. Cafewar ta fi jifar wuya nesa ba kusa ba, ƙwallon takan shiga kwandon ta yi tsalle ta fita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙwallon ce. Cikinta roba ce mai tauri, an lulluɓe ta da fatar akuya, an ɗinke da hannu. Da na juya ta na ga ɗinkin, sai dukawan garinmu suka faɗo mini. Ta fi ƙwallon tanis nauyi, taurinta kamar dutse. A 1979 an auna jifar José Ramón Areitio a Newport ta Amurka, ta kai kilomita 302 a awa. Shi ya sa ba mai shiga fili ba hular kwano.

Bakano a Miami:
Na gode ƙwarai. Amma Baba, ni ban raina ƙaramin filin ba. Tun 2018 da suka fara, sun ɗauko tsofaffin 'yan wasannin jami'a da ba su taɓa riƙe kwando ba suka koya musu, yanzu kuma ƙungiya-ƙungiya ake karawa. Matasan da na zauna da su sunayen 'yan wasa suke kira.

Tsohon Ɗalibi:
Madalla da hakan ɗana, na ji daɗi. Sai dai a gajeren fili ba za ka ga aikin ɗan baya yadda ya kamata ba. Ƙwallo ta wuce shi ta daki bangon baya, ya juya ya bi ta, ya kwanta ƙasa ya ɗebo ta ya mayar da ita gaba daga nisan mita hamsin. Akwai kuma wadda suke kira chula, ta faɗa daidai gindin bangon baya ta mirgino ba tsalle, wuri ya ɗauki ihu. Wannan nake so ka gani.

Maman Yara a Bilbo:
To ka shirya da hunturu, lokacin ake gasar Gernika. Daga Bilbo jirgin ƙasa yana kaiwa har garin. Ka nemi tikiti da wuri, don ranar wasan ƙarshe wurin cika yake yi.