Wayata ta cika, data ba ta kai ƙarshen wata, batir kuma yana mutuwa kafin la'asar: me zan gyara?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Gusau, kuma kusan duk aikin da nake yi bayan an tashi ya rataya ne a wuyan wata waya mai Android da na saya shekara uku da suka wuce, wadda ma'ajiyarta gigabait 32 ce. Ta cikinta nake samun sanarwar makaranta, ta cikinta iyayen yara suke nemana, da ita kuma nake ba tsohuwar kwamfutata intanet idan zan shirya tambayoyin jarrabawa. Wata biyu ke nan tana ba ni wahala. Ranar Litinin da ta wuce na cika allo da wani misali mai tsawo, na ɗaga wayar zan ɗauki hotonsa domin in tura wa ɗaliban da ba su zo ba, sai kyamarar ta ce babu wuri, na tsaya a gaban aji ina goge hotunan sunan ɗiyata ɗaya bayan ɗaya har aka buga ƙararrawa. Bayan haka, datar da nake saya da niyyar ta kai ni wata guda ba ta wuce kwana goma sha biyu, batirin da na cika da asuba kuma kafin la'asar ya mutu. Abokan aiki suna cewa wayar ce ta tsufa, in sayi sabuwa, amma albashin da ake ciki ba zai ɗauki wannan ba a yanzu. Ina roƙon waɗanda suka san kan abin su nuna mini abin da zan iya gyarawa da hannuna.

Mai Gyaran Waya:

Wa'alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina wannan sana'a a Kano, kuma mafi yawan wayoyin da ake kawo mini da sunan sun tsufa lafiyarsu ƙalau, kaya ne kawai aka jibga musu fiye da ƙima. Zan tsaya a kan ma'ajiya, domin ita ce ta fi gaggawa, kuma wayar da ta cika maƙil takan yi nauyi a komai, har buɗe saƙo.

Da farko ka sani cewa gigabait 32 ɗin da aka rubuta a kwali ba duka ne naka ba, domin Android da manhajojin da suka zo da wayar sun riga sun ci kaso mai tsoka tun kafin ka saka layi. Abin da ya rage kuwa, a wajen malami irinka da yake cikin zaurukan makaranta da na dangi da na unguwa, ina da yaƙinin WhatsApp ne ya cinye shi. Ka shiga saitin WhatsApp, ka nemi sashen ma'ajiya da data, ka buɗe wurin sarrafa ma'ajiya. Zai nuna maka adadin da ya ci, ya ware maka fayilolin da suka haura megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, sannan ya jero zaurukan bisa girman kayan da ke cikinsu. A makon jiya wani dattijo ya kawo mini tasa yana so in sayar masa da ita, muka buɗe wannan wurin tare, muka tarar zauren dangi guda ɗaya ya tara fiye da gigabait 6, akasari bidiyon wa'azi da na biki waɗanda bai taɓa buɗe ko rabinsu ba, wasu ma an turo su sau uku ko huɗu. Ya zaɓi abin da yake so, muka goge sauran, ya mayar da wayarsa aljihu ya tafi.

Amma gogewa kaɗai ba ta wadatar ba, domin in ba ka toshe ƙofar ba, kafin wata guda ta sake cika. A wannan sashen dai akwai wurin da ake saita saukar da kaya kai tsaye. Ka cire alamar da ke kan bidiyo da sauti da takardu, har ma da hotuna in za ka iya, ta yadda babu abin da zai sauka sai wanda ka taɓa da yatsanka. Saƙon murya shi kaɗai ne zai ci gaba da shigowa da kansa, kuma ba shi da nauyi sosai.

Akwai abu biyu da nake jan kunnen mutane a kansu. Na farko, manhajojin da ake tallatawa da sunan share waya da ƙara mata gudu, ka cire su in kana da su. Yawancinsu talla suke nuna maka, suna cin data da batir suna zaune a bayan fage. Manhajar Files ta Google ta ishe ka, tana gano hotunan da aka maimaita da manyan fayilolin da ka manta da su. Na biyu, idan ka shiga bayanin kowace manhaja a saitin waya za ka ga maɓalli biyu kusa da juna, ɗaya na share tarkacen wucin gadi da ake kira kash, ɗaya na share bayanan manhajar gaba ɗaya. Na farkon ba shi da illa, kuma a Facebook da Chrome da TikTok yakan ba da wuri mai yawa. Na biyun kuwa mayar da manhajar yake yi kamar yau aka saka ta, in ka danna shi a kan WhatsApp ba tare da ajiya ba, wato kwafin hirarrakinka da aka adana a wani wuri, hirarrakinka sun tafi ke nan. Na ga mata da maza sun yi kuka a shagona saboda wannan kuskuren, shi ya sa nake nanatawa. Daga ƙarshe, in wayar tana da gurbin katin memori, ka saka ɗaya ka kwashe hotunan iyali zuwa can.

Malama Mai Ɗinki:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka wa malamai da alheri. Ni ta fuskar data zan yi magana, domin da waya nake tallata ɗinkina, kuma na sha irin wannan ƙuncin kafin ƙanena ya zaunar da ni ya nuna mini inda take zurarewa. Kafin ka zargi kowa, ka shiga saitin wayarka wajen amfani da data, za ka ga jerin manhajoji da abin da kowace ta sha a cikin wata. Ni da na duba, abin da ya ba ni mamaki shi ne Play Store, wanda ban ma buɗe shi ba, ashe sabunta manhajoji yake yi da kansa duk lokacin da na kunna data. Ka shiga saitinsa ka mayar da sabuntawar ta zama sai da Wi-Fi, ko ka kashe ta ka riƙa yi da hannu lokacin da ka ga dama. Haka nan ka hana bidiyon Facebook kunna kansa yayin da kake wucewa, ka rage ingancin bidiyon YouTube zuwa 360 ko ƙasa da haka idan darasi kake saurare, domin a ƙaramin allo bambancin ba ya kai asarar da ake yi. Android tun daga na 7 yana da saitin tsimin data, wanda yake hana manhajoji sha a ɓoye alhali ba ka buɗe su ba. Ka kunna shi, ka keɓe WhatsApp kaɗai domin kada saƙon makaranta ya makara.

Sai dai ina kyautata zaton babbar ɓarakar tana wajen kwamfutar da ka ambata. Idan ka raba mata data daga waya, Windows ɗauka yake yi ya samu intanet na gida marar iyaka, sai ya shiga saukar da sabuntawa masu nauyi ba tare da ya tambaye ka ba, kai kana can kana rubuta tambayoyi. A kwamfutar ka shiga bayanin haɗin Wi-Fi ɗin wayarka, ka kunna zaɓin da ke nuna cewa wannan haɗin na awo ne, wato ana biyan kuɗinsa gwargwadon abin da aka sha, daga nan zai dakatar da mafi yawan wannan aikin. Ka riƙa danna *323# kafin ka haɗa kwamfutar da kuma bayan ka cire ta, wannan lambar ita ce ta duba ragowar data a dukkan layukan Najeriya tun da aka daidaita lambobin a 2023, kwana biyu ko uku za su nuna maka gaskiyar lamarin.

Ɗalibin Injiniya:

Ina gaida Malam, ina kuma gaida manyana da suka riga ni. Da izinin mai gyara, ina da ɗan gyara a kan katin memori. Shawarar daidai ce, amma kasuwa ta cika da jabu. Na taɓa sayen wanda aka rubuta masa gigabait 64 a farashi mai sauƙi, wayar ma ta nuna 64 ɗin, na kwashe hotunan shekara biyu na zuba, bayan 'yan makonni na tarar fiye da rabinsu ba sa buɗuwa, domin ainihin cikinsa ƙarami ne, an yi masa dabara ne ya riƙa faɗin abin da ba shi da shi. Saboda haka kada Malam ya goge hoton da ba shi da madadi sai ya tabbata yana wuri biyu, misali a katin da kuma a kwamfutarsa ta hanyar igiyar USB, wadda ba ta cin data ko kaɗan. Asusun Google ma yana ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ta shiga cikin wannan lissafin, don haka ya kyautu a cire bidiyo daga ajiyar.

Batun batir kuwa, babban maƙiyinsa a ƙasarmu zafi ne. Batirin lithiyam yana lalacewa da sauri idan ya daɗe a zafin da ya haura digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu a Gusau ko Sakkwato inuwa ma takan wuce 40. Idan aka haɗa da caji, wanda shi ma zafi yake haifarwa, sannan wayar tana cikin riga mai kauri, ko ƙarƙashin matashi, ko ana kallon bidiyo da ita tana jone, to an tara mata zafi uku a lokaci guda. Malam ya riƙa cire mata riga in zai yi caji, ya ajiye ta a kan siminti ko tebur a inuwa, kada ya bar ta a gaban mota ko a aljihun babur cikin rana. Ana so kuma kada a riƙa barin batir yana kaiwa sifili kullum. Tsakanin 20 da 80 ya fi masa lafiya, ko da yake na san wanda wuta take zo masa sau ɗaya a yini dole ya cika ta duk lokacin da ya samu, kuma babu laifi a hakan.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne raunin sabis. Idan makarantar tana wurin da sanda ɗaya ko biyu ake samu, wayar ƙara ƙarfi take yi tana neman turken sadarwa, musamman mai layi biyu, sai batir ya zube alhali tana aljihu. Sanya ta a yanayin jirgin sama lokacin da ake cikin aji yana kawo bambanci a fili. Hasken allo shi ma a rage shi. Saitin mayar da allo baƙi da ake yawan yabawa yana tsimin batir ne a allon AMOLED, wanda ba shi da fitila a bayansa, amma a allon LCD, wanda shi ne a yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, fitilar baya a kunne take ko launin fari ne ko baƙi. Idan an yi duk wannan batirin bai canza ba, to bayan shekara uku ya cancanci canji, kuma kuɗin sabon batir bai kama ƙafar kuɗin sabuwar waya ba. In kuwa bayan wayar ya fara kumbura ko allon yana ɗagowa, a daina caji nan take a kai wa mai gyara, domin yana iya kamawa da wuta.

Malamin Lissafi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Daren jiya bayan isha'i na zauna na bi bayanin mai gyara, na tarar WhatsApp ya riƙe gigabait 11, kuma zauren tsofaffin ɗalibai da ban yi magana a cikinsa ba tun bara shi ne a sama. Yanzu ina da wuri fiye da gigabait 8, hotunan ɗiyata da suka rage kuma na kwafe su zuwa kwamfuta kafin in taɓa komai. Malama, zatonki ya tabbata, na duba data kafin in haɗa kwamfutar da bayan rabin sa'a, abin da ya tafi ya fi abin da nake sha a yini biyu, na kuwa kunna wancan zaɓin. Saura batir, wanda zan gwada yanayin jirgin sama a wannan makon in dawo da labari. Akwai kuma wani abu da ban ambata ba tun farko: tun lokacin hunturu kan caja ba ya zama daram a cikin wayar, sai na jingina ta da littafi kafin ta fara ɗaukar caji. Shin wannan ma alamar batirin ce?

Mai Gyaran Waya:

Ba lallai ba ne, Malam. Mafi yawan lokuta ƙurar hunturu da zaren aljihu ne suke taruwa a ƙasan ramin cajin, duk sanda ka tura caja kana ƙara danne su har su zama kamar tabarma, sai kan cajar ya kasa kaiwa ƙarshe. Ka kashe wayar, ka haska ramin da tocila, ka sa tsinken sakace na itace ka riƙa yakuto dattin a hankali daga gefe, ba tare da ka danna ɗan harshen da ke tsakiya ba. Kada ka yi amfani da allura ko wani ƙarfe, kada kuma ka zuba ruwa ko fetur kamar yadda wasu suke yi. Idan ka gama ka gwada da wata cajar daban, domin wayar cajar ma takan karye daga ciki a wajen wuyanta. In duk da haka tana motsi, to ramin ne ya saki, kuma canza shi aikin ƙasa da sa'a guda ne a wajen duk mai gyaran da ya san hannunsa.