Ɗan haya mai biya kan kari: a bar shi ya ajiye dabba?

Dillali: Jama'a, ga wata magana. Wani ɗan haya a Hotoro, tunda ya shiga gidan bai taɓa jinkirin kuɗin shekara ba, famfo ma in ya lalace da kuɗinsa yake gyarawa. Mai gida ya ga mage biyu a barandarsa, ya ce ko magen ko notis. Ni dai na ce irin wannan mutum ya kamata a bar shi da dabbarsa. Me kuka gani?

Hajiya mai gidan haya: Kai kuɗin la'adarka kake karɓa ka tafi, mu ake bari da gyara. Biyan haya daban, ɓarna daban. Na taɓa barin wani ya ɗaure ragon layya, wai kafin Sallah kawai. Sallah ta wuce, turke bai tashi ba, sai ga tunkiya da 'ya'yanta. Fitsari ya cinye simintin tsakar gida, dusa ta toshe kwata, ranar da tunkiyar ta tauna zanen maƙwabciya a kan igiya sai da muka dangana da mai unguwa. Kuma shi ma bai taɓa fashin biya ba.

Maman Ummi: Hajiya, ki yi haƙuri, ai wannan kiwo ne. Mage fa ake magana. Gidan da muke kusa da bola ne, kafin in samu mage ɓeraye har kan buhun shinkafa suke kwana. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ajiye mage na cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Baban Khalifa: Yau mage, gobe wani ya ce shi kare yake so. Da wane baki za a hana shi?

Malam: A bambance su. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya ku a gida. Kare kuwa hadisi ya ce ladan mai ajiye shi yana raguwa kullum, sai na farauta, na kiwo ko na gona. Malamai da dama sun haɗa da na gadin gida. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare da katangarsa ta faɗi. To amma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In yarjejeniya ta ce ba dabba, ba dabba, ko da mage ce.

Dillali: Allah ya gafarta Malam, takardarsu ba ta ambaci dabba ba sam. Yawancin takardun da muke rubutawa haka suke: kuɗi, wa'adi, wuta da ruwa.

Malam: To kun ga inda gizo ke saƙar.

Likitan dabbobi: Ni abin da zan tambayi ɗan haya shi ne katin rigakafi, ba rasit ɗin haya ba. Ciwon haukan kare da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu tsira, kuma mage ma tana ɗauka. Maganin rigakafinsa na dabbobi ana haɗa shi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a Jihar Filato. Mutum yana iya biyan haya har ta shekara biyu gaba, bai taɓa kai dabbarsa asibiti ba.

Baban Khalifa: Sannan a duba irin gidan. Mai katangarsa da ƙofarsa shi kaɗai, ba ruwan kowa. Amma gidan iyali shida, rijiya ɗaya, yara suna rarrafe a tsakar gida? Matata ma atishawa take yi in mage ta gifta. Mu ba haya muke biya ba?

Hajiya mai gidan haya: Yawwa. In gidan shi kaɗai ne, mage ɗaya, a rubuta, ya ajiye kuɗin gyara a hannuna, zan yarda. Kare kuwa ko da kati goma a'a.

Maman Ummi: Biyu ce fa da shi, Hajiya.

Hajiya mai gidan haya: In mace da namiji ne, ki dawo bayan wata uku ki ƙirga.

Dillali: Likita, ana iya yi musu aikin hana haihuwa a nan Kano? In ana yi, gobe in je wa Alhajin da wannan.