Neman kalma: me za mu kira "skyscraper" da wurin hange na samansa?

'Yar Rediyo: Salamu alaikum. Gobe da safe zan karanta rahoto kan ziyarar ginin Taipei 101 na Taiwan. Tsayinsa mita 508, an buɗe shi a 2004. Hawa biyar na ƙasa kantuna ne, daga nan lifta ta ɗauki mutum zuwa hawa na 89 cikin daƙiƙa 37. A hawa na 91 kuma akwai fili a buɗe, iska na kaɗa ka, gari duk a ƙarƙashinka. Ginin da filin nan nake nema wa suna.

Uwar Biyu: Dogon bene. Filin kuma mahanga, kamar mahauta da majema.

Baba Nahawu: Hajiya, bene mai hawa shida ma dogon bene ne. Ni na daɗe da raɗa masa suna: soki-gajimare. Ƙirar Hausa ce tsantsa, irin ta dafa-duka.

Ɗan Tafinta: Baba, a gafarce ni, wannan ai inuwar Turancin ce. Su sun ce yana kankare sama, Larabawa sun ce yana tunkuyin gajimare, kai ka ce suka. Me ya hana hasumiya? Duk alhajin da ya ga Hasumiyar Agogo ta Makka zai gane nan take.

Baba Nahawu: Hasumiya aron Larabci ce, yaro. Kullum aro! In ba BBC ce ta faɗa ba, ba ku yarda Hausa ce.

Ɗan Tafinta: To kanti fa? Ita ma daga Turanci muka ɗauko, ban ji ka yi ƙara ba.

Baba Nahawu: An ari kanti tun kafin a haife ka.

Uwar Biyu: Ku dai bar wa baiwar Allah aikinta.

'Yar Rediyo: Mahanga na so, amma yanzu mutane sun fi saninta da ma'anar ra'ayi. In na ce "mahangar Taipei" za a ɗauka siyasa ce, balle Taiwan.

Uwar Biyu: To ki ce farfajiyar hange, ƙanwata.

'Yar Rediyo: Na ɗauka. Ginin zan ce katafaren bene mai hawa 101, lambar ta yi bayani da kanta.

Baba Nahawu: Wannan bayani ne, ba suna ba. Ki sa soki-gajimare ko sau ɗaya, a kanun labari.

'Yar Rediyo: Sai abin da edita ya ce, Baba.