Mataimakin koci a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: abin da masu harkar suka ce

An daɗe ana muhawara kan yadda ake samun wannan aiki da yadda ake ɗorewa a cikinsa, amma bakin yawancinsu ya zo ɗaya a kan cewa daga ƙasa ake farawa. Mutum yana karatun digiri na biyu, yana tace bidiyon wasannin abokan hamayya har tsakar dare, albashin kuwa bai taka kara ya karya ba.

Inda aka fi daɗewa a muhawarar shi ne batun zawarcin 'yan wasa. Kowa ya iya zana dabara a allo, in ji su. Wanda iyaye da kocin sakandare suka yarda da shi ne ake riƙewa. Sai dai a kiyaye dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, don a 2017 hukumar FBI ta kama mataimakan koci huɗu kan cin hanci.

Ran da aka sallami babban koci, galibi da mataimakansa ake sallama, shi ya sa wasu suka ce a riƙa sauya sheƙa da wuri. Ni dai hujjar masu cewa a zauna ta fi gamsar da ni: Tommy Lloyd ya shafe shekara 20 yana mataimaki a Jami'ar Gonzaga kafin Jami'ar Arizona ta ba shi ragamar ƙungiyarta a 2021.